Hanyar da Ba a Ɗaga Murya

Zuwa ga maigidana Lefteri,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgin ruwa. Yaya ciwon bayan nan? Kada ka ce ya warke, na san halinka. Ka yi haƙuri da rubutuna. Matar limamin coci da ta koya mini ta ce har yanzu layina gangarawa yake yi, amma wannan ba maganar da zan sa wani ya rubuta mini ba ce.

Anthi ta dawo gida. Mijinta ne ya kawo ta daga birnin Atina bayan an binne jaririn, ya koma bakin aiki. Lefteri, 'yarmu ba ta magana. Tana kwance ta fuskanci bango. Na yi mata miyar kaza da lemun tsami, na soya mata ƙwai da dankali, sai ta ɗan taɓa ta ture. Wuni nake a bakin gadonta ina ce mata ai yarinya ce, Allah zai ba ta wani. Ko motsi ba ta yi.

Jiya maƙwabciyarmu Marigo ta leƙo ta taga ta ce, "Froso, bakinki ya fi injin niƙa. Ko mai lafiya ya wuni da ke sai ya nemi bango." Na ce, "Ke da shirunki ya kai maza biyu kushewa, ke za ki koya mini jinya?" Ta yi dariya, ta ajiye kwandon ɓaure ta tafi.

Likita ya ce in ba a ga sauyi ba, sai a mayar da ita Atina, asibitin nan da ake kulle wa mutane ƙofa. Tun da ya faɗi haka, abinci ya daina wuce mini.

Ga shi makon nan gidanmu ne da kai mai ga fitilar ɗan cocin da ke saman rafi. Gwiwata ta kumbura, amma ba za a ce fitilar ta mutu a makonmu ba.

Allah ya kwantar maka da teku.

Matarka,
Froso

Zuwa ga maigidana Lefteri,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan. Muna lafiya.

Ran Laraba na ɗauki sanda da kwalbar mai na kama hanya. Ina wuce wurin wankin mata sai na ji taku a bayana. Anthi ce, da silifas, gashinta ba gyara. Ta karɓi kwalbar ta shige gaba. Na buɗe baki zan ce ta koma ta sa takalmi, sai na ga mun riga mun iso ƙarƙashin manyan itatuwa.

Ka san dokar wurin a wannan lokaci na zafi. Malam-buɗe-littafi sun sauka, kuma ba sa cin komai har su tafi, ɗan ƙarfin da suka zo da shi suke tattali. Wanda ya tafa hannu ko ya ɗaga murya suka tashi a firgice, kashe su ya yi. Ko yaran ƙauyen nan ba sa tari a wurin. Sai na haɗiye maganata.

Tun ina yarinya nake bin hanyar nan, ban taɓa ganinsu kamar bana ba. Sun lulluɓe jikin itatuwa har ba a ganin ɓawo. Suna kan duwatsu, suna kan ganyen da ya rufe tsohon gidan niƙa, sun jeru fiffike a kan fiffike, baƙi da ratsin fari. Ruwa na gudu a gefenmu, sanyi na tasowa daga ƙasa, ko'ina kore shar. Dubban rayuka a wuri ɗaya, Lefteri, ba ka jin komai sai ruwan. 

A matakalar dutsen nan mai santsi gwiwata ta ƙi. Na zube, na cusa bakin ɗankwalina a baki na cije. Anthi ta zaunar da ni, ta dube ni, ta dubi sama, ta wuce ita kaɗai.

Ka san abin da ke bayan cocin, ka san zurfin kwarin nan. Ina kallon bayanta har ganye ya rufe ta. Sunanta ya cika mini baki. Da na kira, da ta ji. Amma ga su a kan dutsen da na jingina, ɗaya ma ya sauka a hannun rigata yana hutawa. Na zauna na riƙe sandata. Ban san iya lokacin da ya wuce ba. A rayuwata ban taɓa yin addu'a ba tare da na motsa baki ba sai ran nan.

Can sai iska ta kaɗa, rana ta ratso ganye, wasu suka tashi don kansu. Ashe na manta cikin fiffikensu ja ne. Sararin ya koma kamar an watsa garwashi, a hankali, ba ƙara. Ta cikinsu Anthi ta sauko, kwalba ba komai a ciki, hannunta duk mai.

Ta zauna kusa da ni. Muka daɗe. Sannan ta sa baki a kunnena ta ce, "Mama, yana da gashi. Ba wanda ya tambaye ni kamanninsa."

Na ce a hankali, "Wane iri?"

Ta ce, "Baƙi, mai yawa, a murɗe. Irin na Baba. Da kunnuwansa ma, abin tausayi."

Ta yi dariya ba sauti, dariyar ta zama kuka, na riƙe ta. Duk hanyar dawowa ita take faɗa mini, ni ina jingine a kafaɗarta ina ji. Na je na gaya wa likita ba inda za ta.

Lefteri, jikanka ya ɗauko gashinka da kunnuwanka. In ka rubuto mata, kada ka ce za ta sami wani. Ka tambaye ta shi.

Anthi tana gaishe ka, da bakinta. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Froso