Ya Shanye Furar Baffa, Ya Fice Ba Takalmi

Anti Bintu, don girman Allah ki taimake ni da shawara, yau kwana huɗu ke nan na rasa mafita.

Ni tela ce a Fadaman Mada, shekarata ashirin da bakwai. Mahaifina ya rasu, ƙaninsa Baffa Hammawa ne waliyyina, Bafulatani ne mai tsananin riƙo da al'ada. Wanda nake so sunansa Akinwale, Bayarabe ne Musulmi, haifaffen Bauchi, yana gyaran keken ɗinki a bakin kasuwar Muda Lawal. Anti, mutumin nan da kunne yake gano matsalar keke, ki taka sau biyu kawai zai faɗa miki abin da ya lalace. Daɗin baki kam bai iya ba ko kaɗan. Amma ranar da na yi ƙorafin ciwon gwiwa, washegari sai ga shi ya zo ya daidaita mini matakin kekena, ya kama hanyarsa. Tun daga nan na kamu.

A makonmu na farko ya gaya mini yana da lalurar galahanga, likita ya tabbatar wa iyayensa tun yana ƙarami. Ba ya kallon mutum cikin ido, ƙara mai ƙarfi tana gigita shi, abin da ba a faɗa masa ƙarara ba kuwa sai ya wuce shi. Ni duk wannan bai dame ni ba. Amma da lokacin zuwa gaida Baffa ya yi, sai na ce kada ya kuskura ya ambaci lalurar, don na san danginmu da binciken asali. Ya ce shi ba ya son ɓoye-ɓoye, na dage. Na rubuta masa gaisuwa a takarda ya haddace, na koya masa tsugunawa.

Ashe abu ɗaya na manta. A wajenmu mai neman aure ba ya cin komai a gaban suruki, in an kawo ya yi godiya ya kawar da kai. Aka kawo fura da nono, Baffa ya ce bisimilla, bawan Allahn nan ya ɗaga ƙwarya ya shanye tas, har da yabawa. Wayyo ni! Ana cikin haka maƙwabta suka tayar da injin markaɗe a jikin bangon zaure. Ya toshe kunnuwa, jiki na rawa, ya miƙe ya fice ba sallama, ko takalmansa bai tsaya ɗauka ba.

Yanzu Baffa ya ce ko dai rashin tarbiyya ne, ko kuma iska ce a jikinsa. Ranar Juma'a zai ba iyayen Akinwale amsa, kuma na san amsar. Goggona kuwa sai cewa take dama me ya kai ni Bayarabe. Shi kuma Akinwale tun ranar saƙo ɗaya ya turo mini, wai ko kunyarsa nake ji. Na kasa ba shi amsa. In na faɗa wa Baffa gaskiya, tsoro nake ya ce hauka ne, za a gada. In na yi shiru na rasa shi. Ina son sa Anti, wallahi ina son sa. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Keke, Fadaman Mada

’Yata Mai Keke,

Share hawayenki ki saurare ni, don zan ɗan taɓa ki.

Kada ki ga baƙin Baffa. Abin da idonsa ya gani ya yi wa hukunci, kuma dattijon da zai aurar da marainiyar ɗan'uwansa dole ya yi taka-tsantsan. Akinwale ma bai yi laifi ba, an ce masa bisimilla ya sha. Ke kika tura shi zauren nan da hannu a ɗaure. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da Baffa ya san lalurar, ƙila da kansa zai aika a dakata da injin, don mutanenmu sun iya uzuri idan an gaya musu dalili.

Galahanga ba hauka ba ne, ba kuma aljanu ba ne, haka Allah ya halicce shi. Maganar gado kuwa likita za ku tambaya, ba ni ba, ba Goggo ba.

Kafin Juma'a ki nemi izinin Akinwale, tunda sirrinsa ne. Sannan ki sami dattijon da Baffa yake jin nauyinsa, ya tafi tare da mahaifin yaron su yi bayani, su roƙi a sake zama a wuri mai shiru. Ki bari a gaya wa Baffa cewa ke kika hana shi faɗa. Ba zan yaudare ki ba, yana iya ƙi duk da haka. Ke ma ki auna kanki: hayaniyar biki, baƙi, gutsiri-tsomar dangi, duk za ki tsaya masa a bainar jama'a har tsufa.

Amma kafin komai, ki amsa saƙonsa yau ɗin nan. Idan gaskiyar ita ce kin ji kunyarsa, ki faɗa masa haka, ki nemi yafiyarsa. Zai iya jure ƙin Baffa, amma shirunki ne yake cin sa.

Allah ya sassauta zuciyar Baffa, ya zaɓa muku abin da ya fi alheri.

Anti Bintu