Jikana mai cahe ƙwallo a Amurka ya fara mantuwa

Assalamu alaikum. Admin, a sakaya sunana. Ban yi boko ba, ɗiyata ce ke rubuta min. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni na riƙe jikana a nan Illela tun rasuwar ubansa, kuma ban taɓa wasan jika da shi ba. Marigayi maigidana magini ne, yakan ɗora yaron bisa katanga, a jefo tubali daga ƙasa shi cahe. In ya saki ɗaya ya fashe, ni ke jiransa da tsumagiya. Daga baya kawunsa ya tafi da shi Amurka karatu, can ya shiga ƙwallonsu ta hannu, wadda ake sa hular kwano.

An nuna min wasan a waya, na zauna na lura. Mutum ɗaya ke jifa, masu cahewa da yawa, amma in wasa ya yi tsanani shi kaɗai ake nema. Abokan hamayya sun san haka, shi ya sa ƙatti biyu ke tsaronsa. Yana tashi sama su haɗu su maka shi da ƙasa, kai ya bugu, amma bai saki. Sau uku ana fitar da shi bai san inda yake ba. Likita ya ce shi bari, mai horar da su ya ce in babu shi babu ƙungiya, ko bai taɓa ƙwallo ba tsoronsa ke buɗe wa sauran hanya. Kawun nasa kuwa sai alfahari.

Ranar Juma'a na aje girman kai na roƙe shi a waya shi bar wasan, ni da ban taɓa roƙon yaro ba. Ya yi dariya, wai Kaka ce yau ke cewa a saki abu? Na yi ta magana har ya ce to, ya bari. Ran Lahadi ya kira yana murna wai za su fita wasa. Na tuna masa alkawari, ya ce wane alkawari, ai mun yi wata ba mu gaisa ba. Sannan ya ce in ba kakansa waya, mutumin da shi da kansa ya zo ya yi wa zaman makoki.

Jama'a, mi zan yi? Ko na sake roƙonsa ya yarda, wa zai tuna masa?