Takardar Lafiyar Kamila

Lahadi, 4 Fabrairu 2018
Daktora Munira, shugabar kwalejinmu, ta kira ni ofis. Wai za a buɗe sashen wasanni na ɗalibai mata, karon farko, kuma ni zan riƙe. Na ce, "Daktora, ni fa nas ce." Ta ce, "Khalas, magana ta ƙare, Bilƙisu, ke kika san jiki." Ba mai horarwa, ba doka ko ɗaya a rubuce. Filin ma tsohon wurin ajiye motoci ne aka kewaye. Ni dai an ɗora mini jakar tsaba.

Talata, 13 Fabrairu
Sha tara suka rubuta suna, bakwai kaɗai suka kawo yardar iyaye. Cikinsu akwai Kamila, 'yar Malam Isiyaku, wani direba ɗan Katsina da ke unguwar Utaiqa, nan ƙasar Larabawa. A nan aka haife ta, Hausarta duk a karye. Amma gudu! Rabin fili take ba su, tana dariya.

Alhamis, 22 Fabrairu
An sa gasa da kwalejoji uku, goma ga Maris. Daktora har ta gayyaci manyan baƙi. Da Kamila take taƙama.

Lahadi, 25 Fabrairu
Kamila ta yanke jiki ta faɗi a zagaye na biyu. Da ta farfaɗo, wai don ba ta karya ba ne. Na saurari ƙirjinta, na ji wani huci cikin bugun zuciyar da bai kwanta mini ba. Sau uku ina saurarawa. Yana nan.

Litinin, 26 Fabrairu
Na ce ba zan sa hannu a takardar lafiyarta ba sai likitan zuciya ya gan ta. Asibiti kuwa sai sha huɗu ga Maris suka ba mu, bayan gasa ke nan. Daktora ba ta ɗaga murya ba. Tana jera takardu ta ce, "Iƙamarki a Mayu za a sabunta, ko?" Takardar izinin zamana a ƙasar nan take nufi, kuma kwalejin ce kafil ɗina, ita ta tsaya mini. Na koma ɗakin magani.

Idan kunnena ne ya yi ƙarya fa?

Laraba, 7 Maris
Malam Isiyaku ya tare ni a bakin get. Ya ce, "Hajiya, shekara ashirin da shida ina tuƙi a garin nan, ba a taɓa kiran sunan gidana a lasifika ba. Ki taimaka." Na ce, "Baba, in ta faɗi ba ta tashi ba fa?" Ya daɗe yana juya makullin mota. Kamila ta leƙo ta tagar motar, ido jajir: "Haram alaiki, Anti! Ke 'yar'uwarmu!"

Takardar tana aljihuna lokacin. Biro ma.

Asabar, 10 Maris
Mu ne na ƙarshe. Kamila ba ta zo ba. Na gaida Daktora, ta kalli bango.

Alhamis, 15 Maris
Sakamako ya fito. Tsokar zuciyarta ta yi kauri, likita ya ce ita da tsere har abada. Malam Isiyaku ya kira, sai "Allah ya saka da alheri" yake ta maimaitawa. Ita kuwa ta ƙi karɓar wayar. Na ɗauka zan ji sanyi da gaskiyata ta fito. Kuka na yi a banɗaki.

Lahadi, 25 Maris
Sakatariya ta kawo saƙon Daktora, layi ɗaya: in rubuto dokokin sashen. Na fara da cewa ba mai taka fili sai an duba zuciyarta. Zancen iƙama har yanzu shiru.

An ce sun ɗauko ƙwararriyar mai horarwa daga Masar, bayan azumi za ta karɓi sashen, ni in koma wajen allurata. Alhamdu lillahi, na huta. Na dai tambayi sakatariya ko matar za ta buƙaci mataimakiya. Tambaya kawai na yi.