Takardun da Dada ta Ƙona

Kumbiya-Kumbiya, Gombe
9 ga Maris, 2015

Zuwa ga Hamma Mu'azzam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da Adda Saudatu da yara a can Jidda, Allah ya tsare mana ku. Mu nan jiki ƙalau, Yusra ta sauka an samu mace, ƙafar Bappa Rufa'i ma da sauƙi. Zuciya ce dai ba lafiya.

Maganar ƙaninmu Abdulgafar ce. Ka san shekara huɗu yana binciken digirinsa na uku a kan allon kwamfutar da matuƙin jirgin sama ke kallo, yadda za a tsara shi kada mutum ya firgita ya danna abin da zai hallaka fasinjoji. Ni mai tsokanarsa da matuƙin da bai taɓa hawa jirgi ba, yau bakina ya mutu. Bayan bam ɗin da ya tashi a tasha, aka ce za a bi gida-gida ana bincike. Yana makaranta, mahaifiyarmu Dada ta shiga ɗakinsa ta ga zanen jirage da taswirar filin jirgi manne a bango. Hankalinta ya tashi, don an tafi da ɗan maƙwabta kan abin da bai kai wannan ba. Ta kwashe takardun ta cusa a murhu, har da hirarsa da matuƙa goma sha ɗaya. Kwamfutar da ɗan filas ɗin da yake adana kwafin aikin a ciki kuwa masai ta jefa su. Masu binciken ko layinmu ba su shigo ba.

Malaminsa ya ce wa'adi watan Yuni ne, babu ƙari, ga shi matuƙan duk sun watse. Na ce masa in ruwa ya zube ya bar tulu ya yi kyau, ya ce tulun ma ya tsage. Bai yi wa Dada faɗa ba, abinci dai ya daina ci sosai. Jiya ya gaya mini shekara huɗu yana koya wa na'ura ta tambayi mai firgici ko ya tabbata kafin ya aikata abin da ba ya gyaruwa, amma a gidansu an rasa mai tambayar Dada.

Ka gaida Adda Saudatu da yara, su Joda. Dada da Bappa suna gaishe ku. Don Allah ka kira shi, ni na kasa haɗa ido da shi. Hamma, bai sani ba, ina tsakar gida ranar. Ni na hura mata wutar.

Ƙanwarka,
Hanifa