Akwatinki Mai Jar Ƙafa

Zuwa gare ki Noelie, sanyin idona, raken da ya fi duk na gonakin bakin kogi zaƙi, inuwar da ɗan dako ke mafarkinta da tsakar rana, iskar da ke biyo ruwan sama ta kwantar da zafin gari.

Bari in faɗa miki abin da na gani safiyar Lahadin nan, don ke kina cikin jirgin ruwa, rabin labarin kawai kika sani, ni kuma ranar bakina ya ƙi ni. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ban daɗe a aji ba, hannun nan ya fi sabawa da mariƙin akwati a kan biro.

Ƙarfe biyar da rabi ina tsaye a bakin tasha. Tururi ya kwanta a kan kogin Mississippi kamar an shimfiɗa auduga, kwasakwasa guda biyu sun takure a kan turakun ɗaure jirgi. Sai ga jirginku ya karyo kwana, fari fat, bene kan bene, yana tafe a hankali kamar amaryar da ba ta son ƙura ta taɓa ta. Shekara shida ina kallon shigowarsa duk mako, ban taɓa zuba masa ido kamar ranar ba. Mutum dubu uku ya ɗauko, amma ni amsa guda ɗaya tak ya kawo mini, ban kuma san wacce ba ce.

Kin tuna Litinin ɗin da muka zauna a barandar kakarki Eulalie muna cin shinkafa da jan wake, ana saura kwana shida ku tafi yawon teku da matan coci, murnar cikarta shekara tamanin? Karo na uku ke nan na roƙe ki aure. Ba ki ce a'a ba, ba ki ce to ba. Kika ce tun kina 'yar shekara goma sha huɗu, da mahaifiyarki ta rasu, ke ke ɗaukar kayanki da na ƙannenki, ga tsofaffin gidan jinya da kike ɗagawa kina kwantarwa, har kin manta yadda ake sakin abu wani ya riƙe. Gaskiya kika faɗa, tauraruwata! Ko ledar cefane ba ki taɓa bari na riƙe miki ba, ni da ɗaukar kaya ne abincina. Ƙafar akwatinki ma da ta karye, sai da kika tafi aiki Kaka ta miƙo mini shi a ɓoye, na sa masa wata ja da na ciro daga wani da aka yar. Kwana biyu kina gaishe ni da ka kawai.

To ranar Litinin ɗin ne, don in cike shirun, na kama ba ki labarin sauka daga jirgi. Na ce iri biyu ce. Akwai masu jan kayansu da kansu, su ake fara saki da sassafe, ba ruwansu da ɗan dako. Akwai kuma masu ajiye akwati a ƙofar ɗaki daren ƙarshe, da takarda mai launi da lamba a mariƙi, su kwanta su bar kayansu a hannun mutanen da ba su taɓa gani ba, da safe su jira lasifika ta kira launinsu, su tarar da shi a jere a zaurenmu. Sai kika ajiye cokali, kika dube ni kika ce: "To, malam ɗan dako, ka tsaya a zauren naka. In ka gan ni ina jan akwatina, kada ka sake tambayata. In kuwa akwatin ya riga ni isowa hannunka, ka je coci ka ga Fada ya sa rana."

Kwana goma sha uku na yi da maganar nan a ƙirji kamar na haɗiyi ƙugiya. Wa zan gaya wa? Kogi? Shi kansa wajenki ya nufa.

Ƙarfe bakwai da rabi aka buɗe ƙofa, masu jan kayansu suka kwararo. Na san su kamar yunwar cikina: masu tsoron kada jirgin sama ya bar su, da waɗanda ba su yarda da kowa ba, da mazan da suka cika baki jiya yau jakunkuna huɗu suna cin kafaɗarsu. Kullum addu'ata wani ya ɗago hannu ya kira ni. Ranar kuwa addu'ata guda ce, kada in ga fuskar da na fi so a duniya. Kin taɓa jin masoyin da ya tsaya yana roƙon Allah kada ya ga masoyiyarsa? Duk mace mai kitso irin naki sai zuciyata ta faɗi ƙasa, in ta matso na ga ba ke ba ce, in sunkuya in tsince ta.

Baba Otis, dattijon da ya koya mini aikin nan, ya zungure ni da amalankensa. "Kai ɗan nan, wuya za ka karya? Shekara arba'in ina tashar nan, ban taɓa ganin ɗan dako yana ɓuya wa fasinja ba. Ga tsoho can yana kira, ko sai na kai ka da kaina?"

Dole na tafi. Na loda kayan tsohon, na bi layin kwastan da shi, na kai shi har bakin mota. Minti goma sha biyu, na duba agogo. Da na dawo masu jan kaya sun wuce kaf, zaure ya yi tsit, sai akwatuna dubbai a tsaye sahu-sahu, kowane launi da layinsa. Na bi su da gudu. A kore mai lamba tara na hango jakar Kaka mai furanni, da kayan matan coci gaba ɗaya, har da kwalin hular Madam Philomene shugabar mawaƙa. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Na durƙusa ina leƙa ƙafafun akwatuna ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman allura. Baƙa, baƙa, baƙa. Babu ja.

Wayyo Noelie! A nan na san nauyi. Na ɗaga akwatunan da mutum biyu ke nishi a kansu, ban taɓa jin abin da ya danne ni kamar gurbin da akwatinki ba ya ciki ba. Na ce shi ke nan, cikin minti goma sha biyun nan ta wuce da kayanta a hannu, kanta a sama, ta ma raga mini kunyar haɗa ido. Ban ji haushinki ba, Allah ya sani. Tunani kawai nake yaya zan ci gaba da bin titinku ba tare da na ɗaga kai ba.

Lasifika ta kira shuɗi, ta kira ruwan hoda. Jama'a suka cika zaure, wannan na rantsuwa baƙin akwatin nan nasa ne, wancan na rantsuwa nasa ne, alhali na wata ce can daban. Ina ta tura amalanke kamar gawa. Sai Baba Otis ya tare ni, ya ce: "Wawan yaro. Ka duba marayu?"

Marayu muke kiran akwatunan da takardarsu ta faɗi a hanya, muna tara su a lungu bayan ginshiƙi. Shekara shida ina aikin nan, ni ke tura fasinjoji can suna kuka su dawo suna dariya, amma da abin ya zo kaina sai basira ta gudu. Na je. Guda bakwai ne. Na biyar, ɗan ruwan toka, ya karkata gefe guda kamar yaron da aka manta a makaranta, yana tsaye a kan baƙar ƙafa uku da ja ɗaya.

Na zauna a ƙasa, zumata. Ƙato da ni, da rigar aiki, na zauna daɓas a kan siminti na dafa shi. Ga guntun koriyar takarda a maƙale a zif. A mariƙi ake naɗa ta a manne bakin biyu, ke kuwa ba ki taɓa yi ba, ina za ki sani? Wannan kuskuren ya fi mini duk wata waƙa daɗi. Shi ya shaida mini hannunki baƙo ne a wajen sakin kaya, kuma duk da haka ya saki.

Aka kira kore. Matan coci suka sauko da hulunansu, aka turo Kaka a keken guragu tana raba umarni kamar ita ce matuƙiyar jirgin. Ke shiru. Aka kira launi na ƙarshe, masu shara suka fara leƙowa. Sannan kika fito, ke kaɗai, a bayan kowa. Na ga fitowar rana a kan kogin nan sau dubu, ban ga wadda ta kama ƙafar wannan ba: kayan barci masu zanen 'yan agwagi, rigar sanyin Kaka wadda hannunta bai kai miki wuyan hannu ba, da silifan tawul na jirgi! Duk mako sai mun ga mutum ɗaya ko biyu da suka zuba komai a akwati suka manta da abin da za su sa da safe, mu ƙunshe dariya. Ke kin ma zarce su. Riga, takalmi, buroshin haƙori, har fasfo, duk kin tura mini.

Kika tsaya a gabana kina hararata, kika ce: "In ka yi dariya, Alcide, jirgin nan zan koma."

Kaka ta ce: "Koma mana, da agwaginki! Kai kuma angon gobe, dasa ka aka yi? Buɗe akwatin ka ba yarinya takalminta, jama'a na kallo."

Ban yi dariya ba, kin gani da idonki, hawaye ne suka ci amanata. Na ciro takalman, na durƙusa na ajiye miki. Kika miƙa hannu wajen mariƙin don sabo, sai kika tsaya, kika janye shi a hankali kika sa a aljihu. Na ga wannan, hasken raina. Ba abin da ya wuce ni.

Ga alkawarina. Ba zan ce zan ɗauke miki duka ba, don na san ki, ranar da hannunki ya yi ƙaiƙayi ki ja kayanki, zan bi gefenki in yi shiru. Amma duk abin da kika ajiye mini a bakin ƙofa, mai nauyi ko marar nauyi, da takarda ko babu, zan nemo shi ko a wane lungu ya faɗa, in kawo miki shi da safe. Na iya jira, kin gwada ni kin gani. Na je wajen Fada jiya, ya ce mu zo tare ranar Alhamis. Ƙafar nan ja kuwa kada ki ce in canja ta, ko mun tsufa.

Naki, muddin kogin nan yana gangarawa teku,
Alcide

Na sa takardar nan a aljihun akwatin don ki same ta ke kaɗai. In kuma wata rana kika ce wa 'ya'yanmu ba haka aka yi ba, wai takalmi kawai kika manta, to ina da shaidu: Baba Otis, da Kaka Eulalie, da Madam Philomene da matan coci goma sha ɗaya, da jami'ar kwastan da ta duƙar da kai tana dariya, da karenta da ya shinshina silifanki ya kaɗa wutsiya.