Katakon Shagon Baba

Zuwa ga Umma,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar? Yaya su Yaya Babba da yara? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku.

Katakon ya iso. Na gode, Umma, na gode. Na san ba ƙaramin abu ba ne ki sa a ciro shi daga ƙasan madubin shagon Baba, Allah Ya jiƙansa, inda ya yi shekaru yana jera aska da almakashi. Da na kwance shi ƙanshin sabulun askinsa ya buge ni, sai da na nemi wuri na zauna.

Kin tambayi me zan yi da shi. A ɗakin aikinmu sassaƙa katako muke yi, mu shafa masa tawada, mu danna takarda a kai da inji, hoto ya fito. Baba nake so in fitar. Kada ki sa ran ganin ido da hanci; irin aikinmu ba ya bin kama, tsayuwar mutum da motsinsa muke nema. Na san za ki ce tonon kaji ne, kamar yadda kika saba. Gaskiyar ita ce fuskarsa ta fara ɓace mini, ga shi bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Abin da ya rage mini shi ne sunkuyonsa, da kafaɗar nan da yake ɗagawa, da aska a hannun hagu. Su nake so in kama kafin su ma su tafi.

Ki sa ni a addu'a.

Autanki.

Umma,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ina fata maganin ya karɓe ki.

Na yi ɓarna. Duk mai wannan sana'a ya san hoto a juye yake fitowa daga katako: dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Shi ne abin da malamarmu, wadda muke kira Baƙin Farce saboda tawada, ta fara koya mana. Ni kuwa da na kama wuƙar sassaƙa zuciyata ta tafi shago, na yanka shi yadda na san shi, bahagonsa. Da na ɗaga takardar sai ga aska a hannun dama.

Kowa a ɗakin yabo yake yi, wai layukan suna da rai, wai baƙin da ke bayansa kamar zai yi magana. Ni kuwa baƙo nake gani. Baba da ko cokali sai da aka yi fama da shi kafin ya riƙe da dama. Abin da aka sassaƙe ba ya komawa, kuma katakon guda ɗaya ne. Malamar ta ce in sake a wani. Wane wani? Wannan ne ke da zanen askarsa a gefe.

Na rasa yadda zan yi da kunyarki. Ga bugu ɗaya na hoton na naɗo miki, don kada in ɓoye miki komai. In kin ga dama ki sa shi ƙarƙashin katifa.

Ki yafe mini.

Autanki.

Umma tawa,

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ta kullum. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Yaya Babba ya kira ni ya ba ni labari, yana yi yana dariya. Ashe ba ƙarƙashin katifa kika sa shi ba. Ya ce kin sa an buɗe shagon, an share, kin jingina hoton a bango, sannan kika aika a kira Kawu mai gyaran agogo ba ki gaya masa komai ba. Ke ma dai, Umma, akwai ki da dabara.

Ya ce Kawu ya daɗe a tsaye, sai ya ja kujerar aski ya zauna, ya shafa ƙeyarsa. Wai babu wata tantama, wannan amininsa ne, haka yake ganinsa duk ranar aski tun suna samari: a bayansa, cikin madubi, aska a dama. Har ya ce saura ƙiris ya sunkuyar da kai.

Da na ajiye wayar na koma gaban nawa bugun na zauna. Ai ni ma a madubin na fi kallonsa, ina bisa matashin da yake ɗora mini, yana danna kaina yana cewa in daina motsi. Ban juya shi ba ashe, a inda nake zaune na buga shi. Kuma Umma, ina cikin kallon sai fuskar ta dawo, har da ɗan cizon leɓen da yake yi in ya zo bayan kunne. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma na daɗi.

Yaya ya ce ke ba ki ce komai ba. Na san dalili: ke ba ki taɓa zama a kujerar ba, daga bakin ƙofa kike kallonsa in kin kawo masa abinci. Wannan hoton namu ne, mu da ya yi wa aski. Naki yana nan, ban manta da ke ba. Gobe ki sa Yaya ya riƙe takardar a gaban madubin, ki tsaya a bakin ƙofa inda kika saba. Za ki ga mijinki da aska a hannun hagu.

Na gode da katakon, na gode da ba ki ɓoye hoton ba.

Naki har kullum,
Auta mai tonon kaji.