Na Toshe Gidan Mai Tattabaru

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya, kuma ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ni lafiyar jiki kam akwai, zuciya ce ke tafasa.

Kin san dandalin nan namu na intanet na masu rubuta manhajar kwamfuta, wanda kike kira majalisar marasa aikin yi. Ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba. Kowa na iya kafa nasa gidan a kwamfutarsa, gidajen kuma su yi zumunci da juna. Nawa yana kan tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina, wadda na ɗaure murfinta da roba. Mu ashirin da bakwai ne a ciki, makulli a hannuna.

Shekaranjiya na saka wani aiki da na yi wata biyu ina fama da shi. Sai wani mai digiri uku, shugaban wani ƙaton gida, ya fito a bainar jama'a ya ce aikin nawa ƙofa ce ba sakata, har yana tambayar wanda ya koya mini. Wa ya koya mini, Yaya? Littattafan gwanjo marasa bango, da idanuna da suka kusa tsiyayewa! Ban zage shi ba, kin ga na girma. Toshe shi na yi. Ba shi kaɗai ba, gidan nasu kacokan, mutum dubu huɗu. Su dafa digirin su ci.

Ki gaida kowa. Ƙaninki,
Barkono

Yaya,

Barka da war haka, ya jikin Inna? Saƙonki ya iso. Kin ce in sha ruwa in zauna. Na sha, zaman ne ya gagara.

Ashe a gidan da na toshe Mai Tattabaru yake. Dattijon nan ne da nake ba ki labari, wanda kowace safiya sai ya saka hoton tattabarunsa, sannan ya duba aikina ya nuna mini inda na yi shirme, ba tare da ya sa na ji ni jaki ne ba. Shekara uku muna haka. Ban san sunansa ba, ban san ƙasarsa ba, ba ni da lambarsa. Wannan ƙofar kaɗai ce tsakaninmu, ni kuma na yaɓe ta da hannuna.

Na yi maza na cire toshiyar, sai na tarar ba haka abin yake ba. In ka toshe gida, duk igiyar zumunci da ke tsakanin mutanenka da nasu ta tsinke ke nan, buɗewa ba ta mayar da ita. Kuma Mai Digiri ya rama, ya rufe ta ɓangarensu.

Mutanen gidana sun yi mini ca. Mai Jego, wadda ke koyon aikin nan da jaririya a cinya, duk abokan karatunta a can suke. Ta rubuto cewa makulli aka ba ni ajiya, ba sanda ba. Tara sun kwashe kayansu sun koma wasu gidajen. Tun safe nake safa da marwa tsakanin taga da tebur, fankar kwamfutar tana ta gurnani kamar ita ma da magana a bakinta. A shagon gyaran da nake aiki har na kai wa maigidanmu firinta, injin buga takardun nan, ban gyara ta ba.

Hanya ɗaya ta rage, in roƙi Mai Digirin nan. Wallahi gara in haɗiye allura.

Naki,
Barkono

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma murna da jin Inna ta fara takawa. Ki ce mata ina nan tafe ranar hutu.

Na haɗiye allurar. Kafin nan sai da na koma kan aikin don in samo abin da zan ƙaryata Mai Digiri da shi. Kwana biyu ina nema. Yaya, ƙofar ba sakata. Kowane ɗan iska zai iya shigewa ya kwashe kalmomin sirrin mutane, dole na zauna na gyara. Mutumin ba shi da ladabi ko na ƙwayar zarra, amma gaskiya ya faɗa, wannan kuwa ya fi komai ƙona mini rai.

Na rubuta masa ta adireshin ƙorafin gidansu. Sau shida ina gogewa, domin kowane karo sai zagi ya saɗaɗo cikin ban haƙurin. Amsarsa layi ɗaya ce, wai ya buɗe. Ko sannu babu.

Daga nan na bi mutanen gidana ɗaya bayan ɗaya, muna tuno waɗanda kowa ya rasa, muna sake ƙulla zumunci da hannu. Na raba makullin gida biyu, na ba Mai Jego ɗaya, da sharaɗin ba na toshe kowa sai ta yarda. Cikin taran nan uku suka dawo. Sauran ban ga laifinsu ba.

Shi kuwa Mai Tattabaru shiru, har kwana huɗu. Na leƙa wayata ya fi sau ɗari. Yau da hantsi, ina tsakiyar kwance firinta, saƙonsa ya shigo. Bai tambayi inda na shiga ba. Hoton wata baƙar tattabara ya turo mini, ya ce ta yi fushi ta bar ɗaki kwana tara, yau ta dawo duk ta rame. A ƙasa ya ƙara da cewa ya ga gyaran da na yi, layi na arba'in har yanzu da saura.

Kada ki ce mini komai a kan tattabarar nan, na gane. Bari in je in duba layi na arba'in.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Barkono